Yadda Ƙafar Iya Ta Yi Shiru

Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida mai rauni a ƙafa, ina roƙonsa ya zauna ya karanta wannan, ko ya sa a karanta masa. Ni ba likita ba ne. Safiyo ne ni, mai awon ƙasa, yanzu ma gwiwa ta hana ni shiga daji. Abin da zan faɗa jinyar kakata ce a Inugu, shekarun da muka koma bayan yaƙin basasa, lokacin ina ajin ƙarshe a kwalejin fasaha. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan duk waɗanda suka tsaya mana.

A Ogui, wata unguwa a Inugu, aka haife ni. Da rikici ya tashi muka hau jirgin ƙasa muka yi Arewa da kayan da ke jikinmu. Mahaifina ya rasu a Kano, mahaifiyata ta yi wani aure a Lafiya, na rage daga ni sai kakata ta wajen uba. Da yaƙi ya ƙare ta ce ita fa Inugu za ta koma, don a Kano kowace mata ta iya waina, ba wanda ya san da zamanta. A Inugu kuwa ita ce Iya Mai Waina, daga Ogui har Asata. Ta kama hannuna muka dawo. Mama Nkechi, mai gidan da muke haya, ta gan mu a bakin ƙofa ta zauna a ƙasa tana kuka, sannan ta shiga ɗaki ta jawo tandar Iya daga ƙarƙashin gado. Ta ɓoye ta duk tsawon yaƙin, har ta gudu da ita ƙauyensu ta dawo da ita.

Sunan kakana aka sa mini, saboda haka Iya ba ta taɓa faɗin sunana ba. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata Amarya. Kullum cikin faɗa muke: ta ce ban ba ta kuɗin cefane ba, in ce miyarta ba gishiri, zan sake ta in auro 'yar Asata mai haƙora. Wanda bai san wasan jika da kaka ba sai ya ɗauka ba ma shiri.

Wainar nan ita ta kai ni sakandare, ita ta tura ni kwaleji. Jiharmu tana ba ni ɗan tallafin karatu, wanda yake zuwa ranar da ya ga dama. Lokacin kuɗin man fetur ya fara zuba a ƙasa. Motocin siminti suna wucewa ba dare ba rana, yaran da muka yi wasa tare sun sayi rediyo da wando mai faɗin ƙafa, 'yan ajinmu kuwa ba su da zance sai Fatakwal da kamfanonin da ke jiran masu awo. Ni burina bai kai nan ba. Ɗaki nake so mai fanka, da famfo a tsakar gida, Iya ta daina ɗaukar bokiti.

Akwai wata tsohuwar na'urar awo da muke koyo da ita, mai ƙafa uku da madubin hangen nesa. In ka leƙa ciki komai a kife yake. Duwatsun Inugu su rataye daga sama, mata masu tallen ayaba su riƙa tafiya da kai a ƙasa, ayabar kuma ba ta zubewa. Nakan daɗe ina leƙe bayan na gama karanta lambar, har malaminmu, wani Ba'indiye mai haƙuri, ya taɓa kafaɗata ya ce akwai mutane a bayana. Wata rana na hango hayaƙi yana gangarowa daga wajen Ogui, na ce a raina na Iya ne, ko da yake na san unguwar ba ta rasa masu hura wuta.

A ajin ƙarshe akwai abin da muke kira kam. Ana kwashe ɗalibai a kai su daji su yi mako shida suna awo, sau ɗaya a shekara. Wanda bai je ba sai ya maimaita aji, jiha kuma ba ta biya wa mai maimaici. Ga irina, rasa kam shi ne ƙarshen karatu. Saura wata uku a tafi ciwon Iya ya fara.

In na tuna yanzu, ciwon ya riga raunin zuwa. Ta daɗe tana shan ruwa fiye da kima, in cika randa da safe in dawo in tarar ta yi rabi. Zaninta ya fara yi mata yawa. Tururuwa ta dami bayan gidanmu, Mama Nkechi ta yi ta zuba kananzir tana faɗa da su da yaren Ibo. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Sai wata safiya tsinken itace ya soke ta a ƙasan babban yatsan ƙafar hagu. Ta zare shi, ta shafa man kaɗanya, ta ci gaba da suya.

Mako ya zagayo wurin bai rufe ba. Mako na biyu ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ta fara ɗingishi, tana nishi in ta ɗauka ba na ji. Nan masu shawara suka taso. Wata ta ce zuma, a shafa kuma a sha da safe. Wani ya ce sammu ta taka, ai akwai wata mai waina sabuwa a bakin tasha. Mama Nkechi ta matso ruwan shuwaka cikin kofi ta tsaya a kanta sai ta shanye. Liman ya aiko da rubutu, ya kuma ce a gaya mini in kai ta asibiti, kada in tsaya wasa. Mun yi duka, asibitin ne kawai muka bari a ƙarshe.

Asibitin ba zan kama sunansa ba, don sun yi mana alheri sun kuma yi mana sakaci, ban san wanne zan ɗora a kan sunan ba. Ka je da duku-duku ka tarar da layi ya fito har bakin titi. Layin kati daban, na ganin likita daban, na awon fitsari daban, na karɓar magani kuma ka kai gaba a ce babu, ka je kemis. Likita ɗaya ne a kan mutanen da ba su ƙirguwa, wani siririn mutum mai tabarau da yaƙi ya bar wa tabo a wuya. Ya duba takardar awo ya ce ciwon suga ne. Na fassara wa Iya. Ta ce, “Gaya masa ko shayi ba na sha. Sugan wa na ci?” Ya yi murmushi, ya hana zuma, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a riƙa kawo ta duk Laraba.

Daga nan rayuwata ta koma biyu. In jiƙa shinkafa da yamma, in kai niƙa, in tashi da asuba in hura wuta. Iya tana zaune a kan kujera da ƙafa a miƙe tana ba da umarni, ni ina zuba ƙullu. Mahauta da direbobi su zo saye su ce, “A'a, yau Maigida ne da kansa a murhu?” Iya ta ce, “Ku yi haƙuri da shi, auren dole aka yi mana, bai iya komai ba.” In an watse in wanke hannu in ruga kwaleji da ƙafa, littattafaina duk ɗigon mai, ina warin hayaƙi. A aji nakan ji muryar malam tana nisa tana nisa, lambobin da ke kan allo su fara kumbura suna yin ja a gefe kamar waina, in ce a raina wannan ta isa juyawa. Tallafin zangon nan kuwa kemis ya tafi gaba ɗaya.

Matsalar Laraba ita ce ranar da muke fita awo a fili, kuma malam yana kiran suna. Sai Baba Tanko mai goro, maƙwabcinmu kuma abokin marigayi kakana, ya ce in bar masa. Ya shekara talatin yana ciniki tsakanin Anaca da Inugu, Turancin kasuwa a bakinsa yake. Duk Laraba ya rufe teburinsa, ya tare taksi, ya kai ta, ya yi mata tafinta, ya dawo da ita. Bai taɓa karɓar ko kwabo ba. In na dawo in je in durƙusa in gaishe shi.

“Baba, me likita ya ce?”

“Ya ce ana samun sauƙi, alhamdu lillahi.”

Laraba ta gaba ma haka. Ta bayanta ya ce likita ya ji daɗi, har ya ce ba sai an riƙa bin layin wankin ciwo ba, a yi a gida, a dawo bayan mako biyu. Iya ta karɓi wankin da kanta. Ta ce ba namijin da zai riƙa kallon ƙafarta, Mama Nkechi kuma hannunta nauyi. Takan ja labule ta yi abinta, ta fito da bandeji fari tas.

Kuma gaskiya ta daina nishi. Tana barci, tana cin abinci, har ta fara waƙa a bakin murhu. Na yi murna sosai. Na je kasuwar Ogbete na sayi takalmin daji na gwanjo, na dawo ina taka shi a tsakar gida, tana cewa ango zai tafi yawon duniya ya bar amarya da yunwa.

Saura kamar mako biyu a tafi kam, wata la'asar aka yi ruwa, muka rufe taga. Ina zaune a ƙasa ina zane a kan allo, ita tana kan gado tana tsince shinkafa. Sai na ji wani wari. Na duba ƙarƙashin gado ko ɓera ne ya mutu, na duba kwandon shara, babu. Na tsaya kusa da ita na gane daga inda yake fitowa. Ban iya tambayarta kai tsaye ba, sai na bi ta hanyar da muka saba.

“Amarya, wannan ƙafar taki wari take. Wallahi 'yar Asata zan auro.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Auro mana. Ai ƙafar ba tawa ba ce, ka je ka yi faɗa da mai ita.”

“Ta wa ce?”

“Oho. Tawa ta tafi tun tuni, ko sallama ba ta yi mini ba. Da safe nakan aika a kira ta, ba ta amsawa. Ina jin Kano ta koma.”

Tana faɗa tana murmushi, hannunta bai daina tsince shinkafa ba. Ruwa yana sauka a kan kwano. Na tsaya ina kallon farin bandejin, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko a jirgin da muka gudu Arewa.

Washegari Laraba ce. Na bar awon fili na bi su. Ban karɓi tafinta ba, don rashin kunya ne in ture dattijo a gaban mutane, na dai tsaya a bayansu. Da layi ya zo kanmu likita bai ɗago daga rubutu ba, ya tambayi yadda ƙafar take. Baba Tanko ya juya ya rage murya, yadda ake gaida mara lafiya.

“Iya, yaya jiki?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Ƙafar tana ciwo?”

“Ta daina.”

Ya juya wajen likita. “Dokita, i se i don beta. Pen no de agen. Wi tank God.” Wato ta ce ta samu sauƙi, ciwo ya daina, mun gode Allah.

Likita ya gyaɗa kai, ya ja layi a kati, ya miƙa hannu ga na gaba. Duka-duka bai kai tsawon alwala ba. Haka aka yi ta yi makonni, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Baba Tanko gaisuwa ya yi, Iya ta amsa gaisuwa, likita kuma ya ji rahoto.

Na ce da Turanci, “Likita, don Allah a kwance bandejin.” Ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli layin da ke waje, ya yi tsaki, amma ya sa aka kwance. Ba zan kwatanta abin da muka gani ba. Yatsu uku sun yi baƙi, baƙin ya haura. Baba Tanko ya juya baya yana salati. Likita ya ɗauko allura, ya ce in sa ta yi hira. Na ce, “Amarya, ba ni labarin ranar da kika fara zuwa garin nan.” Ta kama labari: yadda jirgi ya tsaya da hantsi, yadda ta ga mutane baƙi ƙirin da ƙurar kwal ta ɗauka aljanu ne, yadda kakana ya saya mata ayaba nono guda. Tana magana yana soka mata allura, a yatsa, a tafin ƙafa, a idon sawu, jini ma bai fito ba, ita kuwa tana dariyar ayaba. Sai da ya kai tsakiyar ƙwauri ta ce, “Wash, wane ne wannan?”

Kalmar da ya faɗa har yau tana kunnena: gangirin. Ya ce naman ya mutu, shi ya sa ciwon ya daina. Ya hau faɗa, ya ce kowane zuwa ana ce masa ta samu sauƙi. Na ce masa a wurinmu mutum ko yana kan gargara, in ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce, wata amsar babu. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce shekarunsa nawa yana duba Hausawa, ba wanda ya taɓa gaya masa. Na ji haushinsa da bai kwance bandeji ba tun farko, har gobe ina jin haushin, amma na ga idonsa ranar, shi ma abin ya dake shi.

Da Mama Nkechi ta ji, ta ɗora hannu biyu a ka. Ita in kanta ya yi ciwo sai duk layin ya san ta wane gefe ne, da yadda yake sara, da abin da ta ci jiya. Ta ce da gurɓatacciyar Hausarta, “Ku mutane, ciwo yana kashe ku, kuna godiya.” Ta haɗa kayan Iya a kwalla ta bi mu asibiti tana cewa ndo, ndo, wato sannu.

Aka kwantar da ita a gadon da ke bakin taga. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba abin zai hau jini. Amma sai an saukar da sugan tukuna da allurai, aikin zai faɗa kwana kaɗan bayan ranar da motar kam za ta tashi. Iya ta ce ba ta yarda ba. Ta ce da ƙafa biyu ta zo duniya, da biyu ta yi gudu, da biyu ta dawo, da biyu za ta koma wurin Ubangijinta. Liman ya zo da kansa ya zauna a gefen gado, ya gaya mata addini bai hana ba, ceton rai ne. Ta ce, “Na gode, Allah gafarta malam,” ta ja mayafi. Daga Kano dangi suka aiko direba da saƙo, a sako ta a mota a kawo ta gida, akwai mai magani a ƙauye. Ba wanda ya aiko da kuɗin motar.

A makon nan zazzaɓi ya riƙa ɗaukarta yana ajiyewa. Nakan zo daga kwaleji da rana in zauna a ƙasa kusa da gado da littafi a cinya, ina karanta layi ɗaya sau goma. Hasken taga yana tafiya a kan bargonta a hankali. Takan buɗe ido ta ga marasa lafiyar ɗakin a jere, ta ɗauka masu saye ne, ta ce in sallami mai jan zani, ta daɗe tana jira. Wani lokaci ta ce gadon yana tafiya, mun wuce Makurɗi, in leƙa in ga ko kogin ya cika. Nakan leƙa ta taga in ce ya cika. A waje bishiyar mangwaro ce kawai da wata mata tana shanya zannuwan asibiti, amma ni ma da na daɗe ina kallo sai in ji ƙasa tana motsi.

Na je wurin malaminmu Ba'indiye na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ma ya baro uwa a ƙasarsu. Amma kam ba a hannunsa yake ba, mota za ta tashi Litinin, wanda ba ya ciki ba ya ciki. Na fito na zauna a ƙarƙashin wata bishiya na yanke shawara. Karatu ya kai inda zai kai. Zan zauna in lallashe ta, in ta ƙi kuma in kasance kusa.

Ranar Asabar zazzaɓin ya sauka, idonta ya washe. Na ɓare mata lemo na ce, “Amarya, na fasa tafiya. Ba zan bar ki da likitan nan ba, na ga yana kallonki.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye lemon a kan bargo.

“Idrisu.”

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Sai da na waiwaya, wallahi, kamar akwai wani a bayana.

Ta ce, “Shekara nawa ina shan hayaƙi? Don in ci nama nake yi? Ka ji abin da zan gaya maka. In ka zauna, ba mai taɓa ƙafar nan, mu zauna ni da kai mu jira abin da Allah zai yi. In ka hau motar nan, Malam Tanko ya dawo ya ce mini ya gan ka a ciki da idonsa, to a kawo takardarsu in dangwala, su yanke.”

Na ce, “Iya, wa zai riƙe ki in an fito da ke?”

“Wadda ta riƙe mini tanda.”

Na roƙe ta, na yi kuka a gaban matan ɗakin ba kunya. Na ce ta bari a yi aikin ina nan, in ya so in nemi aikin akawu. Ta juya fuska bango. Na san ta, in ta juya haka an gama.

Litinin da safe Baba Tanko ya raka ni har ƙofar kwaleji, ya tsaya da carbinsa sai da motar ta tashi. Tun ranar bandeji bai iya haɗa ido da ni ba, ni kuma ban taɓa riƙe shi da komai ba. Na leƙo ta bayan mota na ɗaga masa hannu don ya gan ni sosai.

Dajin yana can wajen kogi, ta hanyar Anaca. Ba waya, ba gidan waya. Muna sare ciyawa muna kafa turaku, muna jan sarƙar awo cikin laka. Na yi aikina, ban san yadda na yi ba. In an ba ni sandar awo in riƙe, nakan tsaya a tsakiyar fadama ina lissafin ko yanzu an shiga da ita, ko an fito, ko kuwa an riga an yi mata sallah an watse ni ina nan riƙe da sanda. Abokaina su yi ta ɗaga hannu daga nesa in matsa dama, ban gani ba.

A mako na biyu motar abinci ta zo. Direban wani mutumin Kafanchan ne da yake cin waina a wurinmu. Ya sauko yana tambayar ina jikan Iya. Aka nuna masa ni, ya ƙaraso.

Ya ce, “An yi aiki, tana nan da ranta. Mama Nkechi ce a kanta. Ta ce in gaya maka an rage mata tsawo, in ka dawo ka zo da abin awonku ka duba ko sun cuce ta.”

Na zauna a kan buhun gari. Ya ba ni ruwa, ya tsaya har na sha.

Da aka gama kam na ci jarrabawar, malam ya gaya mini tun a mota. Ban tsaya ajiye kaya ba na wuce Ogui. An sallamo ta. Na tarar da ita kwance a kan tabarma a tsakar gida, ta rame har ta koma kamar yarinya, Mama Nkechi tana yi mata fifita, Baba Tanko yana kan benci. Zanin da ta rufa ya tashi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ya kwanta a ƙasa. Na durƙusa na gaishe su.

Ta ce, “Maigida, ka yi baƙi. Ka ci?”

“Na ci.”

“To ina abin awon?”

Na ɗauka wasa take. Ta miƙo hannu. Akwai tef na ƙarfe a jakata, na fito da shi. Baba Tanko ya ce, “Subhanallahi, Iya, ba a auna mutum a kwance. Gawa ake yi wa haka.”

Ta ce, “Bar shi, Malam. Wannan awon na saya, ina so in ga ko ya iya.”

Na kafa bakin tef a daidai kanta, na ja ta dama har diddige, na karanta. Na koma ta hagu na ja har inda zanin ya kwanta. Mama Nkechi ta riƙe mini bakin tef ɗin.

“Nawa suka ɗauka?”

Na ce, “Ƙafa ɗaya da inci huɗu.”

Ta kalli sama. Sannan ta ce, “Ƙafa ɗaya na ba su. Incin nan huɗu wa ya ba su izini?”

Baba Tanko ne ya fara dariya, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Mama Nkechi ba ta gane ba amma ta taya shi. Ni ma na fara, sai dariyar ta juye mini, na kifa kai a kan tabarma kusa da wurin da babu komai, na yi kukan da na riƙe mako shida. Ta bar ni na yi. Da na lafa ta ɗora hannu a ƙeyata ta ce, “Ya isa. Da biyun suka nema, da na ba su. Tashi ka jiƙa shinkafa, gobe akwai masu saye.”